Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Buɗe Masauki a Bakin Titin Garinmu?

Tambaya: Ni ɗan Ruwan Godiya ne, a ƙaramar hukumar Faskari. Na kalli wani shiri a waya kan wata tsohuwar hanya ta Amurka mai suna Route 66, inda za ka ga mutum da matarsa da 'ya'yansu suna riƙe da ɗan masauki a bakin titi, matafiyi ya kwana da kuɗi kaɗan. Mu me ya hana mu irin wannan? Mahaifinmu ya bar mana fili kusa da titi, ina tunanin gina ɗaki huɗu ko biyar na saukar baƙi, amma yayyena sun ce sana'ar zubar da mutunci ce. Ina neman shawara.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa wa abin da ya bari albarka.

Bari in fara da hanyar da ka gani. An buɗe ta a 1926, ta tashi daga Shikago ta dangana da gaɓar teku a jihar Kalifoniya, tafiyar kusan kilomita 3,900. Da motoci suka yawaita, mutanen ƙauyukan da ta ratsa suka riƙa jera ɗakuna a gefenta, kowane ɗaki da wurin ajiye mota a ƙofarsa. Miji na karɓar baƙi, mata na girki, yara na shara da wanki, ba albashin kowa a kai, shi ya sa kwana ya yi araha. A 1956 gwamnatinsu ta fara shimfiɗa manyan tagwayen hanyoyi masu kewaye garuruwa, baƙi suka ɗauke, masaukai da dama suka rufe, a 1985 kuma aka soke hanyar daga jerin manyan hanyoyin ƙasar. Waɗanda suka rage yau, 'yan yawon buɗe ido ke riƙe da su, bayan wani mai aski a garin Seligman, Angel Delgadillo, ya haɗa jama'a a 1987 suka kafa ƙungiyar farfaɗo da ita.

Batun cewa mu ba mu da irinsa kuwa, muna da shi tun kafin a san mota, sai dai tsarinsa daban ne. Ka tambayi dattawan garinku wane ne fatoma.

A ƙarni na 19 babbar hanyar fatauci ita ce ta Gwanja. Ayari zai tashi daga Kano ko Katsina ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Yandi har Salaga, ya komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. A 1826 wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a garin Kayama, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura dubu, dabbobinsu ma haka. Wannan taro dole ya kwana a wani wuri kowane dare. A bayan gari akwai zango, inda madugu ke sauke ayari, a kafa bukkoki, matan gari su fito da fura da tuwo na sayarwa. A cikin gari kuma akwai gidan fatoma, mai saukar da fatake.

Falke zai yi sallama a ƙofar gida da magariba, ƙura har gira. Yaran gida su karɓi jakuna su ɗaure a turke, su zuba musu harawa. A shigar da huhunan goro ɗaki mai sanyi, a kwance, a fitar da wanda ya fara lalacewa, a yayyafa wa sauran ruwa, a sake naɗe su da ganye. Shi kuma baƙo a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ga randa, ga buta, can sai ga akushin tuwon dawa da miyar kuka daga cikin gida. Da safe ba wanda zai ce masa kawo kuɗin ɗaki. Fatoma ne zai nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta idan harshe ya bambanta, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa idan aka karɓi kaya bashi. Abincinsa la'ada ce daga cinikin da aka ƙulla a zaurensa, da alherin da baƙo zai yi masa ranar tafiya. Falken da ya ji daɗin gida, nan zai sauka baɗi, nan kuma ɗansa zai sauka bayansa.

Wannan tsari bai tafi da jakuna ba. Wani manazarci mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya tarar da shi da ransa a fataucin shanu da goro. Maigida ke saukar da dilan shanu daga Arewa, matansa ke dafa musu abinci, dillalansa ke sayar da shanun ga mahautan Yarbawa bashi, kuma idan mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ke biya. Ka ga jarin wannan sana'a amana ce, ɗaki kuwa biyo ta yake yi. Don haka ka gaya wa yayyenka, cikin ladabi, cewa saukar baƙo sana'ar manyan mutane ce a ƙasar Hausa.

Amma su ma suna da hujja, kada ka raina ta. Otal ɗin da ya zo mana a zamanin Turawa ya fi zama a Sabon Gari, kuma a idon jama'a ya haɗu da giya da mata masu zaman kansu. Har gobe idan aka ce wane ya buɗe otal a ƙauye, abin da ke fara zuwa zuciya ke nan. Ga kuma addini da al'ada sun sa karɓar kuɗi a hannun baƙo ya zama abin kunya, tunda baƙunta ta kwana uku haƙƙi ce, kuma an ce baƙonka annabinka. Shi ya sa matafiyin yau yake kwana a masallaci, ko a bencin mai shayi, ko a ƙarƙashin motarsa a tasha.

Sai kuma saurin tafiya, wanda ya rage buƙatar kwana a hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sannan kwalta ta biyo baya. Tafiyar da jaki ke yi a mako, mota ta yi ta tsakanin asuba da azahar. Wanda ya taso daga Funtuwa zai je Gusau ba shi da dalilin kwana a garuruwan kan hanya irin su Sheme ko 'Yankara. Abin da ya ci masaukan Amurka ke nan, shi ya ci zangunanmu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, kuma ka fi ni saninsa. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 duniya ta san halin da yankinku ke ciki. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya ce su zagaya ta Funtuwa, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A ce a lokacin kana da ɗaki biyar a bakin wannan titi, wa zai kwana a ciki? Gidan da ke tara baƙi masu kuɗin shanu a aljihu abin hari ne ga ɓarayin daji. Haka nan gidan da ke saukar wanda ba a sani ba, kwana ɗaya ya isa a ce maigidan infoma ne, kuma iyalinka a cikin gidan suke kwana. Wannan zargi ya ci mutanen kirki da yawa a yankunan da ke fama da matsalar.

Shawarata ita ce kada ka fara da bulo da siminti. Idan fili ya fita daga cikin gari, ka bar shi ka noma tukuna. Masauki na rayuwa ne a inda mota ke tsayawa dole: mararraba, bakin tasha, gefen kasuwa, kusa da inda jami'an tsaro suke. Rashin tsaron kansa ya sa direbobi da yawa ba sa yarda magariba ta same su a hanya, saboda haka masu neman wurin kwana suna nan, amma a irin waɗannan wurare suke nemansa. Masu zuwa kasuwar dabbobi ta Sheme da ta hatsi ta Ɗandume daga nesa sukan iso tun jajibiri. Su ne baƙinka, kuma irin baƙin fatoma ne, masu komowa duk mako, waɗanda za ka san sunansu da garinsu da wanda ya aiko su.

Ka fara da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, ƙofarsu daban da ta cikin gida. Abin da mai fatauci ke so kaɗan ne: makewayi mai tsabta, ruwan wanka da na alwala, gidan sauro, ƙofa mai sakata, hasken sola da wurin cajin waya, da inda zai kulle kayansa. Abincin dare ya fito daga cikin gida, kuma ka ware wa mai girkin rabonta, kada aikinta ya tafi a banza. Ka faɗi kuɗin kwana a fili tun kafin mutum ya shimfiɗa, don kunya ba ta biyan kuɗin ruwa. Ka ajiye littafi, duk wanda ya sauka a rubuta sunansa da lambar wayarsa, a ga katin shaidarsa. Kafin baƙon farko ya shigo, mai unguwa da dagaci da limamin unguwa su sani, ka kuma sanar da 'yan sanda da Hisba, ka tambayi ƙaramar hukuma takardar da ake buƙata. Idan liman ya san wa ke kwana a zaurenka, bakin yayyenka zai mutu da kansa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka je Sheme daren jajibirin kasuwa, ka zaga bayan isha'i ka ga ina baƙi ke kwance, nawa ne, me suke biya. Ka zauna da shugabannin tasha da dillalan kara, ka tambaye su ko za su riƙa turo maka mutanensu idan ka buɗe. Ka yi haka mako uku ko huɗu, ɗaya a ciki lokacin kaka, sannan ka tara yayyenka ka karanta musu abin da ka rubuta.