Yadda Ake Ɗaura Filafilan Jirgin Ruwa Idan Iska Tana Baya

Gabatarwa

Iskar hunturu da muka sani, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas, reshe ce ta wata babbar iska da ake kira iskar fatake. Wannan iska tana ratsa Tekun Atlantika daga wajen tsibiran Kanari har zuwa Karibiyan, kuma ita ce ta kai Kolumbus nahiyar Amurka a 1492. Kafin ya bar Kanari sai da aka sauya wa jirginsa mai suna Nina filafilai, wato ƙyallayen da ke tare iska, daga masu kusurwa uku zuwa masu kusurwa huɗu, domin su suka fi dacewa da iskar baya. Tun daga 1986 kuma ake shirya ayarin ƙananan jirage na shekara-shekara mai suna ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas ya bi wannan hanya mai tsawon kimanin kilomita 5,000. Mai karatu zai zaci babu tafiya mai sauƙi kamar wadda iska ke tura mutum daga baya. Wannan darasi zai nuna cewa sauƙin nan yana da yaudara.

Iskar da Ake Ji

Da farko dai, iskar da matuƙi ke ji a jikinsa ba ita ce ainihin iskar da ke kaɗawa ba. Alal misali, idan iska na gudun kilomita 35 a awa, jirgi kuma na bin ta da gudun kilomita 10, to wadda ake ji a cikin jirgin ta kilomita 25 ce kawai. Amma da jirgin zai fuskance ta da wannan gudu, sai ta zama ta kilomita 45. Ƙarfin da iska ke danna ƙyalle da shi kuwa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudunta ya ninku sau biyu. Ke nan bambancin 25 da 45 ya haura ninki uku. Saboda haka matuƙin da ya sakankance ya baza filafilai da yawa yana iya gane kuskurensa ne kawai sa'ad da igiyar ruwa ta karkata jirgin, lokacin da gyara ya yi wuya.

Matsaloli Uku

Ƙaramin jirgi na zamani yana da jigo guda a tsakiya, da babban filafili a bayan jigon wanda aka ɗaure gindinsa a kan wata doguwar sanda, da kuma filafilin goshi. Idan iska ta dawo baya sosai, matsaloli uku ke tasowa. Ta farko, babban filafili yana tare wa na goshi iska, sai na goshin ya riƙa faɗuwa yana cika da ƙarfi. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, idan iska ta ɗan zagaya bayan babban filafili, sandar gindinsa takan fizgo daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Tana iya karya kayan jigo, ko ta kashe wanda ta buga, ko ta jefa shi cikin teku. Ta uku, jirgin yakan yi ta tangaɗi dama da hagu, domin babu iskar gefe da za ta jingine shi wuri guda. Tangaɗin makonni biyu ko uku yana goge igiya da ƙyalle har su tsinke.

Dabarun Ɗauri

Dabara ta farko ita ce a baza babban filafili a gefe guda, na goshi kuma a ɗaya gefen a tokare shi da sanda, su zama kamar fikafikan tsuntsu. A nan wajibi ne a ɗaura igiyar rigakafi daga ƙarshen sandar gindi zuwa goshin jirgi, ta hana sandar fizgowa.

Ta biyu ita ce a sauke babban filafili gaba ɗaya, a tayar da tagwayen filafilai a goshi, kowanne da sandarsa. Hikimar ita ce, amalanken da ake ja daga gaba ya fi miƙewa a kan wanda ake turawa daga baya. Bugu da ƙari, idan aka haɗa igiyoyin tagwayen da sandar tuƙi, jirgin yakan gyara hanyarsa da kansa. Da irin wannan tsari wani Bafaranshe mai suna Marin-Marie ya ƙetare Atlantika shi kaɗai a 1933.

Ta uku ita ce a tayar da wani ƙaton filafili marar nauyi mai kama da balan-balan. Yana ƙara gudu idan iska ta yi sanyi, amma matuƙa da yawa sukan sauke shi kafin dare, don gudun guguwar da ke zuwa ba sallama.

Akwai kuma masu kauce wa bin iska kai tsaye, su riƙa karkata dama, can kuma hagu. Karkatar digiri 20 tana ƙara tsawon hanya da kimanin kashi 6 cikin 100 ne kawai, alhali filafilai suna cika sosai, tangaɗi kuma yana raguwa.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ake nema a doguwar tafiya shi ne ɗaurin da mutum guda zai iya ragewa cikin duhu, ba tare da ya tashi abokan tafiyarsa daga barci ba. Don haka ƙwararrun matuƙa sukan rage filafilai tun kafin iska ta tilasta musu, su kuma duba kowace igiya safe da yamma, su ɗan matsar da wurin da take gogar ƙarfe kafin ta ci.