Likita ko ungozoma: wa ya kamata ya karɓi haihuwarki?

Tambayoyi biyu ne suka fi zuwa mini a ɗakin awo. Wata za ta rage murya ta ce, "Sista, in na yanki katin likita, ba yanka ni zai yi ba?" Wata kuma, galibi mai ɗan hali, cewa take, "Ni fa babban likita nake so ya karɓe ni, ba nas ba." Dukansu abu ɗaya suke so, su haihu da kansu lafiya su tashi da ɗansu a hannu. Ni ungozomar asibiti ce, na daɗe a ɗakin haihuwa a nan Kano, ga kuma amsar da nake ba su in layi bai yi tsawo ba.

Mu fara da sanin su wane ne ake magana a kansu. Ungozomar asibiti takan yi shekara 3 tana karatun karɓar haihuwa, ko kuma ta gama karatun jinya ta ƙara wata 18, sannan hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ba ta lasisi. Likitan mata kuwa shekara 6 yake yi a jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, sannan ya ƙara aƙalla shekara 5 yana ƙwarewa a kan cututtukan ciki da tiyata. Iya ta unguwa, wadda ake aika yaro ya kira, tana da girmanta, amma ba ta cikin wannan lissafin. A al'adarmu ma sau da yawa sai ɗa ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Mai kyamis da ya rataya farar riga shi ma ba ya ciki.

Idan mace lafiyayya ce, cikin ɗa ɗaya ne, kansa na ƙasa, jininta bai hau ba, ba a taɓa yi mata aiki ba, to ungozoma ce abokiyar tafiyarta. Ba don sauƙin kuɗi nake faɗa ba, aikin ne nata. Naƙudar da ke tafiya daidai zama take so da sa ido, likita kuwa, da ke tsakanin ɗakin tiyata da marasa lafiyar da ke kwance, ba shi da wannan lokacin. Mu ne ke sauraren bugun zuciyar jariri aƙalla kowane rabin awa, muna son jin sa tsakanin 110 da 160 a minti. Mu ne ke duba buɗewar bakin mahaifa duk bayan awa 4, daga santimita 5 da naƙuda ta kankama har 10, muna rubutawa a takardar bin naƙuda don mu gane da wuri in tafiyar ta tsaya. Mukan bar mace ta taka, ta sha ruwa ko kunu, ta durƙusa in durƙuson ya fi mata daɗi. Ƙari, wato yankan da ake yi don faɗaɗa hanyar ɗa, ba dole ba ne ga kowace mai cikin fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a riƙa yi wa kowa. Ɗa na faɗowa, cikin minti ɗaya mu yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke, mu ɗan dakata aƙalla minti ɗaya kafin mu yanke cibi, mu ɗora shi a ƙirjinta, kafin awa ta cika ya kama nono ya sha dakashin da wasu kakanni ke cewa a matse a zubar. Kada a zubar, shi ne kariyarsa ta farko daga cuta.

Binciken da aka tattara daga Ingila da Ostareliya da wasu ƙasashe ya nuna matan da ungozoma ɗaya, ko 'yan ƙalilan da suka saba da su, suka bi tun daga awo har haihuwa sun fi haihuwa da kansu, an fi rage jawo musu ɗa da na'ura, sun kuma fi gamsuwa da yadda aka kula da su. Ga wani abu ma da masu neman babban likita ba su cika sani ba: ko a manyan asibitocinmu, in komai na tafiya daidai, yawanci ungozoma ce za ta karɓi ɗan. Likita sai an kira shi.

Akwai kuma cikin da shi ne ke zaɓa wa mace. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai tagwaye, wadda ɗa ya kwanta a gicciye ko ya taho da ɗuwawu, wadda hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya, mai hawan jini da ya kai 140 bisa 90, mai ciwon suga, ko sikila, ko ciwon zuciya, wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai ko ta taɓa zubar da jini sosai, yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Waɗannan duk hannun likita suke buƙata, a asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ajiye jini. Sai wadda ta fi ba ni wahalar shawo kai, uwar 'ya'ya shida ko takwas da za ta ce, "Haba 'yata, duk a ɗakina na haife su, ko uhm ba wanda ya ji." Gaskiya ta faɗa. Sai dai mahaifar da ta haihu sau biyar zuwa sama ta fi saurin sakin jiki bayan haihuwa ta ƙi tsukewa, jinin da ke biyo baya kuma bai san gwaninta ba.

Wannan rarrabewar a wurin awo ake yin ta, shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwan daga 4 zuwa 8. Rarrabewar kuma tana iya sauyawa. Macen da take hannuna a wata na shida, in jininta ya hau a na takwas, ni da kaina zan rubuta mata takarda zuwa wurin likita. Ungozomar da ta ƙi tura mace don kada a ce ta gaza, ita ce abar tsoro. Darasin awo tsoho ne a ƙasar nan. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya, ya wallafa sakamakon a 1985, kuma abin da ya fito fili shi ne waɗanda suka fi mutuwa nesa ba kusa ba su ne matan da ba su yi awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su.

Batun cewa likita wuƙa kawai ya sani, ina ganin na san inda ya samo asali. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, an ba ta rubutu da jiƙo, an kira mai kyamis ya ɗaura mata ruwan naƙuda, sai da ta galabaita aka kawo ta. A wannan lokacin ba abin da ya rage sai tiyata. Dangi kuma su koma gida da labarin cewa da zuwa aka yanka ta. Alƙaluma akasin haka suke nunawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Nijeriya ake yi ta tiyata, alhali masana na ganin in adadin ya gaza kashi 10, akwai matan da ke buƙatar aikin ba sa samu. Waɗanda ba su samu ba, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna Babbar Ruga a Katsina ko cibiyar Laure a asibitin Murtala suna jiran gyaran yoyon fitsari. Kan jariri ne ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Yankan gishiri da ake yi wai don a buɗe hanya ba ya buɗe komai, ƙashi ne ya tare, sai dai ya ƙara rauni.

Ban ce ba a taɓa gaggawar tiyata ba. Ana yi, musamman inda kuɗin aikin ya ninka na haihuwa sau da yawa. Kina da damar tambaya, ke ko maigidanki: me ya sa, me zai faru in an ƙara jira, yaya bugun zuciyar jaririn? Likitan kirki zai amsa ba tare da ya ɓata rai ba. Likita kuma sau da yawa shi ne ke tsare wa mace haihuwa da kanta. Yakan iya juya ɗan da ya taho da ɗuwawu tun daga waje a wajen sati na 37. Wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, in yankan na ƙasan mahaifa ne kuma dalilin farko bai dawo ba, yakan bar ta ta gwada naƙuda a gabansa, da yawa kuma suna haihuwa lafiya. Abin da ke kisa shi ne mai tabo ta ɓoye kanta a gida don gudun aiki na biyu, tabon ya buɗe, ga shi tsakaninta da ɗakin tiyata tafiyar awa biyu ce.

Nisan nan shi ne ainihin abin da nake so a auna. A Ingila, inda aka yi babban bincike a 2011 kan lafiyayyun mata da suka fara naƙuda a gida ko a ɗakunan ungozoma, kusan huɗu cikin goma na masu cikin fari sai da aka mayar da su sashen likitoci. A cikin waɗanda suka taɓa haihuwa, kusan ɗaya cikin goma. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa da kiran waya. Ke nan ko cikin da ba shi da matsala yana iya juyawa cikin dare, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2. Don haka kafin ki tsayar da wuri, ki tambaya ba kunya. Akwai ungozoma mai lasisi da dare, ko sai ma'aikacin da ke riƙe da makulli? Allurar oksitosin a firji take? Zafi yana kashe ƙarfinta, mu kuma mun san zafin Afrilu da halin wutarmu. Akwai maganin jijjiga, magnesium sulphate? In abu ya gagara, ina ake turawa, da wace mota, minti nawa? Ana auna jinin da ya zuba ko da ido ake kintata? Tambayar ƙarshen nan ba ƙarama ba ce. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da ba da magungunan tsayar da jini gaba ɗaya da zarar an ga ya wuce ƙima, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Dole in faɗi namu laifin. Mata da yawa ba tiyata ke kora su gida ba, bakinmu ne. Tsawa, gori, wani lokaci har mari a cinya ana cewa ta yi nishi. Gaskiya ne ungozoma ɗaya kan tsaya kan mata biyar a dare guda, amma gajiya ba ta halatta wulaƙanci. Ki lura tun a awo yadda ake yi miki magana, haka za a yi miki ranar naƙuda. Ki kuma tambaya ko za a bar mahaifiyarki ko yayarki ta zauna kusa da ke. Mai naƙuda da ke da ɗan'uwa a gefe ta fi samun sauƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar haka.

Maigida, sauran aikin naka ne. Ka ba da izinin fita tun kafin ranar, ka faɗa a gaban Hajiya, don kada a zauna jiran ka dawo daga kasuwa ko ka ɗaga waya. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu da za su iya bayarwa. Ka riƙe lambar direban da zai tashi ƙarfe biyun dare. A jihohi da dama na Arewa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, sai ka bincika wane asibiti kusa da ku ke cikin shirin tun ba a matsu ba. In za ta tafi gidansu goyon ciki, ta tafi da katin awonta, a kuma nemi asibitin can tun ranar da ta sauka, don mai cikin fari takan danne ciwo saboda kunya har abu ya yi nisa.

Jini kowane iri, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, fashewar faya ba naƙuda, zazzaɓi, ɗa ya rage motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12: babu jiran gari ya waye, babu tsayawa a ƙaramin asibiti in an san ba shi da kayan aiki. Bayan an sauka lafiya kuma a bar ta ta cika awa 24 a asibiti kafin a tafi da ita gida a ɗora ruwan wanka, don jini da jijjiga sun fi zuwa a wannan ranar ta farko.