Darasin Kimiyya: Babur, Kwana da Jikin Valentino Rossi

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan motsi ne, kuma misalinmu Valentino Rossi, ɗan ƙasar Italiya mai lamba 46. Ranar 14 ga Nuwamba, 2021, ya yi tserensa na ƙarshe a gasar tseren babura ta MotoGP a birnin Balensiya na Sifaniya, yana da shekara 42, bayan kaka 26 da kambun duniya 9. Ya zo na goma. Nasararsa ta ƙarshe kuwa tun 2017 ce, a Assen ta ƙasar Holan. Tambayar da za mu amsa ita ce: me shekaru suka rage masa, alhali injin ne ke gudun ba ƙafarsa ba?

Mu fara da lokaci. Waɗannan babura suna wuce kilomita 350 a awa a miƙaƙƙiyar hanya. Ku raba 350 da 3.6, za ku sami kusan mita 97 a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya makara wajen damƙe birki da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ya riga ya ci mita kusan 10. Wanda kuma ya yi saurin damƙewa don tsoron makara, abokan tsere sun wuce shi. Idan mahayi na rasa rabin daƙiƙa a kowane zagaye, cikin zagaye 25 an ba shi ratar daƙiƙa 12.5. Idon mai kallo ba ya ganin rabin daƙiƙa, amma a wannan gasa ta isa ta mai da na farko ya koma can baya.

Sai kwana, inda nan ne gundarin darasin. Duk abin da ke tafiya yana son ya zarce a miƙe, kamar yadda Newton ya bayyana. Kafin ya bi lanƙwasa sai an sami ƙarfin da ke jan sa zuwa tsakiyar da'ira. A majajjawa igiya ce ke wannan aiki, shi ya sa da an saki, dutsen ke ficewa a miƙe. A babur gogayyar taya da kwalta ce. Sai dai wannan ƙarfi a ƙasa yake aiki, wurin taya, nauyin mahayi kuwa yana sama. Da zai tsaya ƙyam da ya kife waje, don haka dole ya kwanta ciki har jan ƙasa ya daidaita lamarin. Ku rubuta ƙa'idar:

tan θ = v² ÷ (r × g)

θ ita ce kusurwar kwanciya daga tsaye, v gudu a mita cikin daƙiƙa, r nisa daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa bakinta, g kuma jan ƙasa, wato 9.8. Mu ɗauki kwana mai r na mita 50. A digiri 45, tan θ ɗaya ne, gudun ya kama kusan kilomita 80 a awa. A digiri 60, tan θ ya zama 1.73, gudun ya haura zuwa kusan 105. Mahayan MotoGP suna kaiwa 60 har su ɗan gota. Ku lura, kusurwar da ake nufi ta tsakiyar nauyin babur da mahayi ce a haɗe. Shi ya sa mahayi ke zamewa daga sirdi ya rataya ta cikin kwana. Rossi ya tashi a zamanin goga gwiwa a kwalta. Da mahayi Marc Márquez ya shigo gasar a 2013 sai aka koma goga gwiwar hannu. Rossi ya sauya salonsa ya bi su, kuma a ganina wannan ne ya ƙara masa shekaru a gasar fiye da komai.

Yanzu jiki. Babur ɗin bai gaza kilo 157 ba, kuma a digiri 60 mahayi na jin ninki biyu na nauyinsa yana danna shi. Haka zai yi ta juyawa hagu da dama wajen minti 40. Akwai kimantawar da masu motsa jiki ke amfani da ita, wato iyakar bugun zuciya a minti kusan 220 ne a debe shekarun mutum. Ba ta dace da kowa daidai ba, amma tana nuna hanya. Rossi a 2021 ya tashi da 178. Fabio Quartararo, wanda ya ci kambun shekarar yana da 22, ya tashi da 198. Idan tseren na buƙatar bugu 165, dattijon yana dab da iyakarsa, yaron kuwa da sauran sarari. Karaya ma tana ƙara jinkirin warkewa idan shekaru suka ja, ga shi Rossi ya karye a ƙafar dama a 2010, ya sake karyewa a 2017.

Bai bar tsere gaba ɗaya ba, ya koma na motoci, inda kujera da bel ke riƙe jiki kuma ba a rataya a kwana.

Aikin gida: kwana mai r na mita 30, ruwan sama ya sa taya ba ta yarda a wuce digiri 40. Ku nemo iyakar gudun a kilomita cikin awa, ku nuna kowane mataki.