Zafi da Danshi Su Ne Ke Raya Tsutsar Cikin Awaki

Makiyayi, ka lura akuya takan rame a tsakiyar damana, alhali ga ciyawa ko'ina? Sau da yawa tsutsar ciki ce. Tsawonta santimita 2 zuwa 3, tana manne a tumbin bisa tana shan jininta. Tsutsa mace guda tana iya zuba ƙwai 5000 ko fiye a rana, su fita tare da kashin akuya.

Ƙwan nan ba ya ƙyanƙyashewa sai ya samu ɗumi da danshi. Idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 10, girmansa yakan tsaya. Idan zafi ya kai digiri 25 zuwa 30, ƙasa kuma da laima, cikin kwana 4 zuwa 6 ya zama ƴar tsutsa mai kama bisa. Amma a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maradi da Tawa da Damagaram, kashi yakan bushe, ƙwai su mutu.

To, ina tsutsa ke fitowa da faɗuwar damana? Tana cikin bisar tun kaka. Ƴan tsutsotsi sukan kwanta a jikin tumbi duk rani, sai ruwa ya kusa su farka su yi ƙwai. Ƴaƴansu su hau ciyawa cikin raɓa, akuya ta haɗiye. Bayan mako 3 su ma sun fara ƙwai.

Ga abin da za ka yi:

1. Idan kana turke awaki a ciyawa, ka sake wuri kowane kwana 4. Kada ka komo tsohon wurin sai bayan mako 6 ko fiye.
2. Kada ka saki bisashe da asuba. Bari raɓa ta bushe.
3. Ka share garke kullum, ka shanya kashin a rana kafin ka kai gona.
4. Ka buɗe fatar idon akuya ta ƙasa. Idan ta yi fari, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, jini ya ragu. Ka tafi wurin malamin kiwo ya ba da magani daidai nauyinta.

Ƴan awaki da masu shayarwa su tsutsa ta fi kayarwa. Da su za ka fara dubawa.