Kafin Ka Raba Netwok Gida-Gida

Mai koyon sabnet, ajiye kalkuleta tukuna, ɗauko biro da takarda. Adireshin IPv4 bit 32 ne, don haka fara haddace 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1 har su zauna maka daram.

Sai ka ɗauki 192.168.1.0/24, mai adireshi 256. Ari bit biyu, ya koma /26: gida huɗu ke nan, kowanne da adireshi 64, suna farawa daga 0, 64, 128 da 192. Amma fa na'ura 62 kawai kowane gida zai ɗauka, domin adireshin farko sunan gidan ne, na ƙarshe kuwa na yin shela ne ga kowa. A nan masu gaggawa ke tuntuɓe. Gobe gwada /27 da kanka.