Yadda Ake Ɗora wa Land Rover Sifirin Wata Motar

A watan Janairun 2016 aka ƙera tsohuwar Defender ta ƙarshe a masana'antar Solihull da ke gefen Birmingham, inda Land Rover ta fara fitowa tun 1948. An rufe layin ƙira, amma motocin na nan birjik a hannun manoma, masu aikin gini, da masu sha'awar ratsa daji da suke fita daga Manchester a ƙarshen mako su nufi tsaunukan Peak District. Motar da ta shekara 20 ko 30 tana dakon kaya, tana kuma shan gishirin da ake zubawa a titunan Ingila lokacin hunturu, dole sifirinta ya gaji. Sai ka ga ta sunkuya ta gaba, ko ta karkace gefe guda, ko ƙarshen sifirin ya tsinke saboda tsatsa. A nan ne mai mota yake jin shawarar da ta zama ruwan dare a garejojin garuruwan nan biyu: a bar neman irin nata, a ɗauko na 'yar'uwarta.

Shawarar tana da tushe. Land Rover ta farko, irin wadda 'yan sanda da ma'aikatan gona suka yi ta yawo da ita a Arewa, sifirin falle-falle gare ta, kamar na bayan Hilux. A 1970 Range Rover ta zo da murɗaɗɗen sifiri a ƙafafu huɗu. Kamfanin ya ɗauki wannan tsari ya ɗora wa One Ten a 1983, da Ninety a 1984, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990, sannan Discovery ta farko ta gaji tsarin a 1989. Saboda haka sifirin gaba na waɗannan motoci faɗinsu ɗaya, haka na bayan Range Rover ta farko da Discovery ta farko da Defender 90. Kowanne na shiga gurbin ɗan'uwansa. Bayan Defender 110 ne ya fita daban, domin sifirinsa ya fi faɗi, kuma ba ya zama a mazaunin 90 ko ta ƙaƙa.

Sai dai shiga gurbi ba ya nufin dacewa, kuma a nan mafi yawan ɓarnar take faruwa. Bakaniken kirki ba ya taɓa sifana sai ya san abu biyu game da sifirin da aka kawo masa: tsawonsa idan ba nauyi a kansa, da taurinsa. A Birtaniya har yanzu da laba da inci ake lissafin taurin. Sifirin gaba na Defender 90 laba 175 ne a kowane inci, wato duk kilo 79 da aka ɗora masa zai lotsa da inci ɗaya. Na bayanta laba 225 ne, kusan kilo 102 a inci, alhali tsawonsu bai bambanta da yawa ba. A ɗauka kowane sifirin gaba yana tallafe da kilo 400. Mai laushin zai lotsa da inci 5, mai taurin da ƙasa da inci 4 kaɗan. Wannan inci guda na tsakani shi ne dalilin da ya sa wanda ya ɗaura wa gaban motarsa bambar ƙarfe da injin jan mota yake ɗauko sifirin baya ya kai gaba. Kamfanin ma da kansa ya amince da dabarar: lambobin NRC9448 da NRC9449, da suke sifirin bayan 90, su ne kuma ake sayarwa a matsayin sifirin gaba mai ƙarfi na 110.

Akwai kuma misalin Range Rover ta farko. An ba ta sifirin baya mai laushi ƙwarai don jin daɗin zama, aka haɗa mata da wata na'urar kamfanin Boge a tsakiyar aksil da take ɗaga bayan idan an yi lodi. Idan na'urar ta mutu, kuma takan mutu da tsufa, bayan motar sai ya zube. Maimakon sayen sabuwa da tsada, da yawa suna ɗora sifirin bayan Discovery ta farko, wadda aka ƙera ba tare da na'urar ba, don haka nata ya fi tauri. Wanda ya yi akasin haka, ya kai laushin Range Rover bayan Discovery, zai yi ta dukan robar tsayawa a kowane rami.

Aikin yana farawa da awo. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar taya daidai, da kayan da ta saba ɗauka a ciki, a auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen madigadi a kusurwa huɗu, a rubuta. Wanda ya samu sikelin manyan motoci ya auna nauyin gaba daban da na baya ya fi kowa sa'a, domin da lambobin nan ake zaɓe, ba da kallon ido ba. Idan sifirin na hannu ne daga wurin masu farfasa motoci, a duba zanen fentin da ke jikinsa, domin da launuka kamfanin yake bambanta su. A kuma jera biyun a ƙasa. Na Defender ba tsawonsu ɗaya ba: na ɓangaren direba ya ɗan fi tsawo. A Birmingham direba yana dama. A Kano, tun da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi a 1972, yana hagu. Duk wanda aka aiko wa da sifiri daga Ingila ya bi hannun da aka rubuta a kwali ba tare da tunani ba, motarsa za ta tsaya a karkace.

Kwana ɗaya kafin aiki a jiƙa kowane noti da man kwance tsatsa. A yankin da gishiri yake cin ƙarfe, wannan kaɗai kan raba aikin yini da aikin mako.

Ɗaga motar na da tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Birkin hannu na waɗannan motoci ba taya yake kamawa ba, farfelar baya yake riƙewa a bayan ƙaramin giyabos. Da zarar taya ɗaya ta bar ƙasa, motar na iya gangarawa ko da an ja birkin har ƙarshe. Don haka a kulle giyar tsakiya, a sa giya ta ɗaya, a datse tayoyin da suka rage a ƙasa gaba da baya. Sannan a sassauta notin taya, a ɗaga, a kafa ƙarafan tokare a ƙarƙashin casis, ba a ƙarƙashin aksil ba, domin aksil ɗin ne ake so ya sauka. Jak mai taya shi zai tallafi aksil. Bulo da dutse ba su da wuri a wannan aiki, komai saurin da ake yi. Motar ta doshi tan biyu, kuma hannun mutum yana cikin gurbin taya daga farko har ƙarshe.

Baya ya fi sauƙi, shi ya sa ake farawa da shi. Shokazoba tana wajen sifiri, sai a kwance notinta na ƙasa. Idan akwai sandar hana tangaɗi, a saki mahaɗinta. A fara sauke jak a hankali, ido a kan tiyon birki da ɗan bututun numfashin aksil, domin su ne suke fara miƙewa, kuma tiyon da aka ja da nauyin aksil ya lalace ko da bai nuna ba. Idan sifiri ya saki daga mazauninsa na sama, a kwance ƙusoshi biyun da suke danne shi da ɗan faranti a ƙasa, a zaro shi.

Gaba kuwa sai an yi haƙuri. A can shokazoba ta ratsa ta tsakiyar sifirin, kanta na sama yana cikin wata hasumiyar ƙarfe da noti huɗu suke riƙe da ita a kan casis, kuma ta ƙarƙashin bonet ake isa gare ta. A kwance notin ƙasa, a kwance huɗun, a ɗaga hasumiya da shokazoba tare. Ƙusoshin nan huɗu a jikin zobe ɗaya suke, kuma sun yi suna wajen karyewa, saboda haka masu hankali sukan sayi sabon zobe tun kafin su fara. Kuɗinsa kaɗan ne, rashinsa kuwa yana tsayar da mota a kan tokare har sai an kawo. Da zarar sifiri ya fita, a kankare mazaunin sama da na ƙasa da burushin waya, a ƙwanƙwasa da guduma. Idan ƙarfen ya huje, aikin ya koma na mai walda, domin sifiri mai tauri a kan ruɓaɓɓen mazauni ƙara saurin ɓallewa kawai zai yi.

Sabon sifirin idan tsawonsa bai wuce na da ba sosai, yakan shiga da zarar aksil ya sauka. Idan ya ƙi, a matse shi da ƙarafan matse sifiri guda biyu, ɗaya daura da ɗaya, ana ɗaure su bi da bi. Ba a ɗaure shi da waya ko igiya, ba a kuma sa fuska a saitinsa. A zaunar da shi sosai, a mayar da farantin ƙasa, a ɗaga aksil har kansa ya shige mazaunin sama, a mayar da shokazoba. A koyaushe biyu ake sauyawa a aksil ɗaya. Duk notin da yake matse bushin roba kuma, ba a yi masa ɗaurin ƙarshe sai motar ta sauka ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Bayan an ɗan zagaya da ita, a sake awon nan na kusurwa huɗu. Idan ta tashi da inci guda ko ƙasa da haka, galibi babu abin da zai biyo baya sai gyara saitin fitilun gaba. Daga inci 2 abin yake sauya fuska. Hannayen da suke riƙe da aksil na gaba suna juya shi yayin da casis ya yi sama, sai karkatar digiri 3 da kamfani ya ba sitiyari ta ragu, motar ta fara yawo a titi, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa. A kan babbar hanyar M6 da ta haɗa Birmingham da yankin Manchester, tsakanin manyan motoci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sandar da take hana aksil zamewa gefe ita ma tana jan sa ɓangare ɗaya. Farfela na iya fara kaɗawa. Tiyon birki na iya gajarcewa idan ƙafa ta faɗa rami, shokazoba ta ƙure kafin sifiri ya gama miƙewa. Kowanne yana da magani a kasuwa, daga hannaye masu gyararriyar kusurwa zuwa dogon tiyo mai rigar waya, amma kuɗinsu a haɗe ya ninka na sifirin sau da yawa. Ga motar da rabin rayuwarta a kwalta take, wuce inci 2 asarar kuɗi ce, kuma yana ƙara mata saurin kifewa a kwana.

Wannan gargaɗi ya shafi gida ma. A Ƙofar Ruwa ta Kano da garejojin Agadez an saba ƙara wa Hilux falle ɗaya ko biyu don ta ɗauki lodi, kuma takan ɗauka. Abin da ba ya ƙaruwa shi ne ƙarfin birki, da na aksil, da na taya. Haka yake ga Defender: nauyin da aka buga a farantin jikinta shi ne iyakarta a doka, kowane irin sifiri aka ɗora mata.

Saura takardu. A Birtaniya, gwajin MOT na shekara-shekara yana duba karyewar sifiri, zamansa a mazauni, lafiyar tiyon birki da saitin fitila, kuma kowanne na iya kayar da mota. Kamfanin inshora kuwa yana ɗaukar sifirin da ba na asalin samfurin ba a matsayin sauyi, ko da tambarin Land Rover ne a jikinsa, kuma ɓoye shi na iya sa a ƙi biya ranar da aka yi haɗari. Mai mota ya rubuta lambobin sifirin da aka ɗora, ya kira kamfanin inshorarsa kafin ya hau titi, sannan ya mayar da motar gareji bayan 'yan makonni a sake bin kowane noti da sifana.