Darasi: Liken mai ramuka

Hawata gari ne a jihar Gadarif, a gabashin Sudan, a bakin kogin Rahad. Akwai Hausawa da yawa a yankin. Kakanninsu sun sauka can a kan hanyarsu ta zuwa Makka.

A kasuwannin Sudan, masu kayan ƙanshi suna sayar da wani abu busasshe, ruwan toka, mai kama da yagaggen ganye. Da Larabci ana ce masa shaiba, wato furfura. Ana sa kaɗan a tukunyar nama don ƙanshi. Amma shaiba ba ganye ba ce. Daga jikin itace ko dutse ake ɓamɓaro ta. Da Faransanci sunan irin wannan halitta « lichen », ana furta shi liken.

Liken ba shi da saiwa, ba ya fure. Halittu biyu ne suke zaman tare: fumfuna da gansakuka. Fumfuna tana riƙe ruwa, tana yi wa gansakuka rumfa. Gansakuka kuwa tana haɗa abinci da hasken rana, su ci tare. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Simon Schwendener, ya bayyana haka a 1867. Sauran masana sun daɗe ba su yarda da shi ba.

Wani liken yana manne wa dutse kamar fenti. Wani yana reto kamar gemu. Akwai kuma mai faɗi kamar ganye, wanda fuskarsa duk ramuka ce, da jijiyoyi a tsakaninsu, kamar huhun rago. Masana suna kiransa Lobaria pulmonaria. In ya jiƙe kore ne shar, in ya bushe sai ya koma ruwan ƙasa. A da, mutanen Turai sun ga yana kama da huhu, sai suka riƙa ba masu tari.

Wannan liken yana son tsofaffin itatuwa a daji mai laima. Ranin Hawata ya yi masa tsawo. Hayaƙin masana'antu yana kashe shi, shi ya sa ya yi ƙaranci a Ingila. Girmansa a shekara kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya kankare shi a minti ɗaya ya ɓata aikin shekaru.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar shaiba?
2. Waɗanne halittu ne suka haɗu suka zama liken?
3. Yaya ake gane liken mai ramuka?
4. Me ya sa ba ya jure ranin Hawata?